Kyamarar Tarko a Ƙasar Kano: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗaukar Hoton Namun Daji

Tun da hotunan dabbobin dare suka fara yawo a wayoyin mutane, irin waɗanda ake ganin idon dabba na ƙyalli cikin baƙi da fari, tambayoyi ke ta zuwa daga ɗalibai, manoma, masu kiwon kaji, da waɗanda sha'awar daji ce kawai ta kama su. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa. Bayanin da ke zuwa cikin kwalin waɗannan kyamarori an rubuta shi ne don ƙasashen sanyi, inda ƙanƙara ce damuwarsu. Mu a nan zafin bazara ne, ƙurar hunturu, gara, gobarar daji, da kuma jama'a a kowane lungu. A kan wannan na gina amsoshin.

Mece ce kyamarar tarko, kuma me ya raba ta da kyamarar tsaro da ake sa wa a shago?

Ƙaramin akwati ne na roba mai launin ɓawon itace, ana ɗaure shi a jikin bishiya ko turke a tafi a bar shi. A cikinsa akwai idon kyamara, da na'urar jin ɗumi, da jerin ƙananan fitilu na dare, da gurbin batir da na memori. Kyamarar shago tana ɗauka dare da rana ba hutu, don haka sai da wutar lantarki. Wannan kuwa barci take yi, sai wani abu mai ɗumin jiki ya gifta ta gabanta ta farka, ta ɗauki hoto ko gajeren bidiyo, ta koma ta kwanta. Shi ya sa batir guda takwas kan kai ta makonni, wani lokaci ma watanni.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani Ba'amurke mai suna George Shiras ya fara ta tun a shekarun 1890, yana ɗana igiya a hanyar dabba, idan ta taka sai kyamara ta tashi da walƙiyar hoda. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. Abin da ya canza shi ne yau babu igiya, kuma hoton a memori yake sauka.

Yaya take gane cewa dabba ta zo?

Wannan ita ce tambayar da idan ka fahimci amsarta, rabin matsalolinka sun kau. Na'urar da ke gabanta ba motsi kawai take ji ba, ba kuma zafi kawai ba. Bambancin ɗumi mai motsi take ji. Kowane abu yana fitar da ɗumi gwargwadon zafinsa: ƙasa, dutse, ganye, jikin dabba. An raba filin da ke gaban kyamarar gida-gida, idan wani abu da ɗuminsa ya sha bamban da na bayansa ya tsallaka daga wani gida zuwa wani, sai ta tashi.

Daga nan abubuwa uku suke fitowa. Dabbar da ta gifta ta gefe ta fi saurin tayar da ita a kan wadda ta nufo ta kai tsaye. Damo da guza da maciji sukan wuce ba ta ji ba, saboda ɗumin jikinsu yana bin na wurin da suke. Sannan ganyen da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa shi, yana iya yaudararta ta ɗauka dabba ce.

To a zafin Kano tana aiki kuwa?

Tana yi, amma kowane lokaci da halinsa.

Bazara ce mafi wuya da rana. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ƙasa da duwatsu kuwa sun fi haka nesa. Jikin yawancin dabbobi masu shayarwa yana tsakanin digiri 37 zuwa 39 ne, don haka da tsakar rana dabba da abin da ke bayanta sukan zo kusan ɗaya, kyamara ta kasa rarrabewa. Maganinsa shi ne a ƙara ƙarfin jin na'urar zuwa mataki na sama, a matso da ita kusa da inda ake sa ran dabbar za ta tsaya, a kuma ɗaure ta a inuwa. Abin farin ciki, dabbobin ma ba sa yawo a wannan lokaci. Kuma bazarar nan ita ce lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai 'yan wurare, duk mai rai sai ya zo mashaya. Wanda ya sami kududdufi ɗaya da ya rage a cikin busasshen rafi a watan Maris ko Afrilu, ya sami wurin da ya fi ko'ina.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi na fi so. Dare yana da sanyi, dabba tana fita sarai a wurin na'urar, ciyawa ta kwanta, sawu yana zama a kan ƙura. Matsalarsa ita ce ƙurar kanta. Takan lulluɓe gilashi hoto ya yi hazo, da dare kuma hasken fitilun yana dukan ƙurar da ke iska sai hoton ya cika da fararen ɗigo. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, don haka a sa kyamarar ta juya mata baya. Kada a goge gilashin da bakin riga, ƙurar tana karce shi. A fara hure ta, sannan a shafa da tattausan ƙyalle. A wannan lokaci ne kuma ake cinna wa daji wuta, wasu don farautar gafiya da ɓera, wasu don share gona. A share busasshiyar ciyawa kewaye da bishiyar da aka ɗaura kyamara, aƙalla taku biyu ko uku.

Damina kuwa ciyawa ce abokiyar gaba. Wurin da ka share yau, bayan mako biyu a watan Agusta ya kai ƙugu. Ga laima da ke shiga ciki ta sa gilashi ya yi gumi. A saka 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A duba robar da ke kewaye da murfin, kada yashi ya maƙale a kanta. Kuma a kiyayi bakin rafi: wurin da yake busasshe da safe yana iya zama tsakiyar kogi da la'asar in an yi ruwa a can sama. Cinnaka da gara su ma sukan shige ta ƙananan ramukan lasifika su yi gida, ɗan man shafawa mai kauri a kan igiyar ɗauri yana rage su.

Malam, wace dabba ce ma ta rage a Kano da har mutum zai kashe kuɗi?

Ana yawan yi mini wannan, kuma tana sosa mini rai, domin tana nuna yadda muka yi nisa da abin da ke kewaye da mu. Gaskiya ne babu zaki ko giwa a bayan gari. Amma dare yana da jama'arsa.

A cikin birni da gefensa, a kangaye, gindin tsohuwar ganuwa, bakin kududdufai, lambunan bakin kogin Challawa, akwai bushiya, gafiya, kurege, tunku, bodari, mujiya, jemage, da muzurun da suka koma daji. Idan aka nausa karkara, wajen gonakin rani na Kadawa, Kura da Bunkure, ko gefen madatsar ruwa ta Tiga, ana iya cin karo da zomo, dila, yanyawa, beguwa, inyawara, jibda, fakara da zabin daji. Can kudu, wajen Tudun Wada da Doguwa inda bishiyoyi suka fi yawa, akwai jan biri, gwaggon biri, gada da gadu.

Yawancin yaran da aka haifa a Kano sun san dila da kura da gizo daga tatsuniya ne kawai. Ranar da ka nuna wa yaro hoton dila yana tsallake kunyar gonar kakansa da ƙarfe uku na dare, za ka ga yadda idonsa ke buɗewa. Gani ya kori ji.

Wata Hajiya mai kiwon kaji ta ce wani abu na shiga akurkinta da dare. Kyamarar za ta taimaka?

Hajiya, ƙwarai kuwa, wannan ma shi ne aikin da ta fi saurin biyan kuɗinta. Ki sa a ɗaure ta ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, taku uku ko huɗu daga inda kike zargin ana shiga. Kada ta kalli cikin akurkin, motsin kajin zai cinye batir kafin asuba. Ta kalli gindin katanga ko bakin magudanar ruwa daga waje. Ki sa ta a bidiyo na daƙiƙa 15, domin hoto zai nuna miki ɓarawon, bidiyo kuwa zai nuna miki hanyarsa.

Sau da yawa wanda ake zargi ba shi ba ne. A ce tunku ne, sai a ga gafiya ce ke jan 'yan tsaki ta wani rami a ƙarƙashin kwanon ruwa, ko karen unguwa, ko muzurun maƙwabta. Da zarar an ga ƙofar, sai a toshe da siminti ko a kafa ragar waya mai ƙananan ido a binne gindinta cikin ƙasa. Ina roƙonki kada ki sa guba. Guba ba ta tsayawa kan wanda aka nufa, duk abin da ya ci mushen shi ma ya tafi. Dattawa sun san yadda ungulu ke cika saman mayanka da kasuwannin Kano a da, yau da wuya ka ga ɗaya. Tun 2015 aka sanya irin ungulun nan tamu cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma guba na cikin dalilan.

Wace iri zan saya?

Sanannun kamfanoni su ne Bushnell, Browning da Reconyx, sai masu rangwame irin GardePro da Campark. Farashi yana farawa daga wajen dala 50 zuwa sama da dala 400. Wanda zai fara, ya fara da ta tsaka-tsaki. Kyamara biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi ɗaya mai tsada amfani, kuma in an sace ɗaya ba za ka kwanta ciwo ba.

Kada yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ya ruɗe ka. Yawancinsu ƙaramin hoto suke ɗauka sai na'ura ta kumbura shi. Abin dubawa na farko shi ne saurin tashi, wato lokacin da ke tsakanin jin dabba da ɗaukar hoto. Ya zama rabin daƙiƙa ko ƙasa da haka, in ba haka ba wutsiya za ka riƙa tarawa. Na biyu, irin fitilar dare. Akwai mai lamba 850, wadda ke yin ɗan ja-ja idan ta kunna, tana haska nesa kuma hotonta ya fi kyau. Akwai mai lamba 940, wadda idon mutum ba ya ganin komai, amma haskenta bai kai waccan nisa ba. A ƙasarmu inda mutane ke bin kowace turba, 940 na fi ba da shawara. Na uku, ta kasance da ɗan allo a ciki don ka ga inda ta saita kafin ka bar wurin. Na huɗu, a ga alamar IP66 ko makamanciyarta, wadda ke nufin tana jure ƙura da ruwan sama.

Akwai masu amfani da layin waya su turo maka hoto nan take. Suna da daɗi, amma a yi hattara. Da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka a kulle suke da layukan can, ba za su karɓi MTN ko Airtel ko Glo ba. A tabbatar kafin a biya. Kuma inda dabbobi suke da yawa galibi nan ne sabis ba ya kaiwa.

Batir da memori fa?

Batir ɗan yatsa take ci, daga huɗu zuwa takwas, wasu har 12. Na litiyam ya fi daɗewa kuma ya fi jure zafi. Na alkalin yana yi, sai dai yana iya yoyo a ciki idan ya daɗe a rana, ya cinye ƙarafunan. Mai arahar nan da ake sa wa rediyo da tocila kada ma a soma, fitilun dare za su shanye shi cikin kwanaki kaɗan. Na caji ya fi sauƙi a aljihu idan an daɗe ana yi, amma ƙarfinsa bolt 1.2 ne maimakon 1.5, wasu kyamarorin sukan ɗauka ya kusa ƙarewa tun yana cike. Kada a haɗa tsoho da sabo. Ƙaramin faifan sola yana magance matsalar batir, sai dai ƙyallinsa yana kiran ido daga nesa, don haka a cikin gida ko gonar da ke da katanga ya dace.

Memori mai gigabait 32 ya isa, wasu kyamarorin ma ba sa karɓar fiye da haka. Ana samu a kasuwannin waya na cikin gari. Jabu yana da yawa a ko'ina, don haka a gwada shi a kwamfuta, a cika shi a ga ko abin da aka zuba yana buɗewa. A tanadi biyu ga kowace kyamara, in ka je ka cire ɗaya ka sa ɗaya ka tafi. A riƙa wanke memorin, wato goge duk abin da ke kansa, a cikin kyamarar kanta kafin kowane ɗauri.

A ina zan ɗaure ta, kuma yaya?

Nan ne aikin yake. Kyamarar dala 400 da aka ɗaura a wurin banza ba za ta kawo komai ba, ta dala 50 a kan turba mai kyau za ta cika memori.

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin ka ɗaura komai, nemi wanda ya san wurin: tsohon maharbi, makiyayi, mai gadin lambu, mai saran itace. Waɗannan mutane suna da ilimin da babu shi a takarda. Na ga dattijo ya durƙusa a bakin rafi, ya nuna sawu biyu da ni a wurina duk na kare ne, ya ce wannan na dila ne domin ya fi tsuke kuma tafiyarsa a miƙe take, kare kuwa yawo yake yi hagu da dama. Ya ɗauki kashi ya farfasa da tsinke, ya nuna ƙwallayen magarya da gashin ɓera a ciki. Ka gaishe su da girmamawa, ka bayyana abin da kake yi, ka biya su ladan wahalarsu, kuma idan hoto ya fito ka koma ka nuna musu.

Wuraren da ke bayarwa su ne mashaya, inda turba biyu suka haɗu, ɓarakar da ke jikin shinge ko darni, bakin rami mai sabuwar ƙasa, da gindin bishiyar da ke zubar da 'ya'ya. Kanya, ɗinya, ɓaure, aduwa, magarya da kaɗanya kowacce da lokacinta, kuma dila, jibda, biri da beguwa duk sun san kalandar. Jibda tana da wata ɗabi'a mai taimako: wuri ɗaya take komawa ta yi kashi, tsibi guda cike da ƙwallaye. Wanda ya sami wannan ya gama nema.

Tsayin ɗauri ya bi girman dabbar. Ga su zomo, tunku da dila, daidai gwiwa ko ƙasa kaɗan, wato santimita 30 zuwa 50. Ga gada da gadu, tsakanin gwiwa da ƙugu. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaurewa daidai ƙirjinsa, sai ƙananan dabbobi su wuce ta ƙasa. Kada ta kalli gabas ko yamma, fitowar rana da faɗuwarta za su wanke hoton su kuma tayar da ita a banza. Ta kalli arewa ko kudu. Kada ta tsaya daidai kan turba ko ta yanke ta a gicciye, a karkata ta yadda dabbar za ta daɗe a cikin filin hoto. Nisan taku uku zuwa biyar ya yi. Bishiyar ta zama mai kauri wadda iska ba ta girgizawa. In ƙasa tana da gangara, a cusa tsinke a bayan kyamarar a daidaita ta da shimfiɗar wurin.

Kafin ka tafi, kunna ta ka rarrafa ta gabanta a tsayin dabbar, ka buɗe ka ga ko ta kama ka. Sannan ka ƙyale ta. Zuwa kullum yana barin warinka a wurin. Mako biyu tsakanin ziyara ya fi, sai dai in damina ce ko wurin da ake tsoron sata.

Na dawo na tarar da dubban hotunan ciyawa babu dabba ko ɗaya. Me ya faru?

Ciyawa ko reshe ne a gabanta, ko inuwar ganye tana rawa a kan ƙasa mai zafi, ko tana kallon rana. Share gabanta da lauje, rage ƙarfin ji zuwa matsakaici, sa tazarar daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya tsakanin ɗauka da ɗauka. In dabbobin dare kake nema, yawancin kyamarori suna da saitin da za ka ce ta yi aiki daga magariba zuwa hantsi kawai. A wurin da garken shanu ke bi ma wannan saitin ne zai cece ka. Amma kafin ka goge, duba gefe-gefen hotunan da kyau, sau da yawa akwai kunne ko wutsiya a lungu.

Zan iya sa nama ko abinci don jawo su?

Ban goyi baya ba. Abinci yana koya wa dabba zuwa wuri ɗaya a lokaci ɗaya, wanda shi ne abin da mai tarko ke so. Yana jawo karnuka, yana kawo dila kusa da awaki da kaji, daga nan rigima ta tashi kuma dabbar ce za ta kwana a ciki. Hoton ma ba ya gaya maka gaskiyar yadda take rayuwa. A cikin gidanka ko lambunka, kasko mara zurfi da ruwa a bazara ba laifi ba ne, tsuntsaye da bushiya za su amfana. Sai dai a riƙa sauya ruwan saboda sauro.

Yaya zan yi da sata, da kuma mutanen wurin?

A tambayar nan sata ce ƙaramin ɓangare. Kowane mai walda zai iya ƙera maka akwatin ƙarfe mai ramuka a gaba, ka sa sarƙa da kwaɗo. Amma wanda ya yi niyya zai sare bishiyar ma. Abin da ke tsare kyamara da gaske shi ne mutanen wurin su san da ita kuma su yarda.

Fara da mai gonar. Daga nan mai unguwa ko dagaci, da shugaban 'yan sintiri in akwai, da ardon makiyayan da ke kiwo a wajen. Je da kyamarar a hannu, ka buɗe ta a gabansu, ka nuna hotuna. A yanayin tsaron da muke ciki, akwati mai ido da aka gani a jikin bishiya yana iya tayar da hankalin ƙauye guda, a ɗauka abin fashewa ne ko na leƙen asiri, kuma wanda aka kama yana ɗaurawa a ɓoye zai sha tambaya. Manna takarda a jikinta da Hausar boko da ajami: ta binciken dabbobi ce, ga wanda za a tuntuɓa.

Sai batun mutuncin jama'a, wanda ya fi komai nauyi. Kada ka ɗaura kyamara a inda mata ke ɗiban ruwa, wanki ko wanka, ko inda mutane ke kewayawa, ko ta fuskanci gidan wani. Allah Ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aya ta 12, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023. Idan mutum ya faɗo cikin hotonka, goge shi. Kada ka tura a WhatsApp ko Facebook don a yi dariya.

Zan iya kai ta Falgore ko Yankari?

Ba da gaban kanka ba. Dajin Falgore yana kudancin jihar, kimanin kilomita 150 daga birni a kan hanyar Jos, ya ratsa Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, kuma Kogin Kano ya bi ta cikinsa. Keɓaɓɓen daji ne na gwamnati, sai da izinin hukumar da ke kula da shi da rakiyar ma'aikatan daji. Ya sha fama da matsalar ɓarayin shanu da 'yan fashi, sojoji ma suna da sansani a wajen, don haka shiga da na'urar ɗaukar hoto ba tare da takarda ba ganganci ne. Yankari ta jihar Bauchi ce, can ake da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, ita ma sai da izini. Manyan gandayen ƙasa irin Gashaka Gumti, Kamuku da Kainji suna ƙarƙashin hukumar gandayen daji ta tarayya.

Shawarata, ka ƙware a bayan gida da gonar dangi tukuna. Gidan zu na Audu Bako da ke cikin gari wuri ne mai kyau na koyon siffar dabbobi, domin hoton dare baƙi da fari ne, da siffa da tafiya ake ganewa ba da launi ba.

An taɓa gano wani abin kirki da ita a Najeriya?

An yi. A watan Yulin 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarar tarko ta ɗauka a tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba, na garken gorila da jarirai a bayan iyayensu. Irin wannan gorila kimanin 300 kawai ake ƙiyasin sun rage, a kan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma suna gudun mutum ƙwarai. Hotunan sun tabbatar suna hayayyafa. A Gashaka Gumti ma kyamarori sun kama damisa da birin cimfanzi.

A Indiya, masanin nan Ullas Karanth ya yi amfani da ita a shekarun 1990 wajen ƙidayar damisar can mai zane, domin kowacce zanenta daban ne. A dajin Serengeti na Tanzaniya an jera kyamarori 225 daga 2010, aka tara hotuna sama da miliyan ɗaya, mutanen gari daga ƙasashe daban-daban suka taya tantance su ta intanet. Dazuzzukanmu na Ɗansoshiya, Falgore da tsaunukan Riruwai sun cancanci irin wannan kulawa, kuma ɗaliban sashen gandun daji a jami'o'inmu da kwalejin aikin gona ta Dambatta su ne ya kamata su ja gaba.

Ba za ta zama makami a hannun masu kashe dabbobi ba?

Za ta iya, kuma dole a faɗa. A Amurka mafarauta ne manyan masu sayenta. Hoto ɗaya da aka wallafa tare da sunan ƙauye ya isa ya kawo ƙarshen dabbar da ta shekara tana ɓuya. Don haka idan ka sami abu mai wuyar gani, kamar damisa, kura, dabgi ko ɗankunya, kada ka faɗi wurin a fili. Ka ce kudancin Kano, ka tsaya nan. Ka duba kada hoton ya nuna dutse ko gada da za a gane, kada kuma ka bar bayanin taswira, wato na inda aka ɗauke shi, a jikinsa. Ɗankunya na cikin dabbobin da aka fi fataucinsu a duniya saboda ɓawonsa, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta cinikinsa. Shi kansa maharbin da ya nuna maka wurin, ka yi magana da shi tun farko a kan cewa wannan turbar ta kallo ce.

Me zan yi da hotunan bayan na tara?

Kafin komai, saita kwanan wata da agogon kyamarar daidai duk lokacin da ka sauya batir. Hoton da ba shi da sahihin kwanan wata ado ne kawai. Ka riƙe littafi: ranar ɗaurawa, ranar cirewa, wurin, irin bishiyar, inda ta fuskanta, da abin da aka samu. Rubuta har ranakun da ba a sami komai ba, domin mai bincike yana buƙatar sanin darare nawa kyamara ta yi kafin dabba ta zo. A kwamfuta, kowane wuri da jakarsa, kowace jaka da kwanan wata, kuma a ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Wanda ba ka gane ba, kai wa dattawan wurin su faɗa maka sunansa, ka rubuta yadda suka faɗa, da Hausa ko Fulatanci. Sannan ka ɗora a manhajar iNaturalist, inda masana ke taya tantancewa kyauta, kuma tana ɓoye ainihin wurin dabbobin da ke cikin haɗari, kai ma kana iya ɓoyewa da kanka. Hotunan tsuntsaye suna da amfani ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. In kana da ɗalibi a gida mai neman abin da zai rubuta a aikinsa na kammala karatu, ba shi littafin da memorin, ku zauna ku jera dabbobin wata-wata, daga kaka zuwa kaka.